Kankaren Kwana Bakwai

"Sauko daga kan tsanin nan kafin raina ya gama ɓaci!"

Auta ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai da ta juye sauran ruwan bokitin a kan sabon kankaren, ta tsaya tana kallon yadda ya shanye shi nan take kamar a rairayi aka zuba, sannan ta sauko a hankali, zaninta a jiƙe har gwiwa.

Yaya na tsaye a tsakar gida da makullin mota a hannu, sai huci yake yi.

"Malamar makaranta guda, a kan rufin gida da bokiti kamar lebura. Wa ya aike ki?"

"Kankare yana son ruwa safe da yamma, Yaya. Yau kwanansa bakwai da zubawa, ban ga wanda ya ɗiga masa ko kofi ɗaya ba."

"Kankare yana son ruwa," ya kwaikwayi muryarta yana karkace baki. "A wace makarantar aka koya miki? Ko a ta Dogo mai cokalin gini?"

Ta kau da kai tana matse gefen zaninta.

Dogo magini ne. Shekara biyu da suka wuce ya zo gyaran katangar baya da ta tsage, ya yi sati uku yana shiga ta ƙofar baya kamar kowane ma'aikaci. Kafin katangar ta bushe ya tafi da zuciyar Auta. Da ya yi ƙarfin hali ya tunkari Baba da maganar, Baba ya dube shi tun daga takalmin roba har hula, ya ce mutumin da ya shekara talatin yana shugabantar ofis ba zai ba da 'yarsa ga mai wanke hannu da yashi ba.

Sai ga abokin Yaya ya ɓullo. Ɗan kwangila ne, amma ba ya amsa kira sai an ce masa Injiniya. Shi ya kawo wa Baba shawarar a rushe bangon da ke tsakanin falo da ɗakin Umma, falon ya faɗaɗa, a zuba rufin kankare a ɗora bene. Ya ce aikin gaba ɗaya kyauta ce daga gare shi. Gidan kaf an san wace ce ladan kyautar.

Ranar da aka fara dukan bangon Dogo ya zo a guje, ya roƙi Baba a tsaya, ya ce bangon nan shi ke ɗauke da nauyin gidan, in za a cire shi dole a kafa ginshiƙi a tsakiya. Baba ya ce hassada ce, ya kuma ce kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan.

"To ki buɗe kunnenki," in ji Yaya. "Yau da hantsi za a cire sandunan nan da suka cika falo, a kwashe katako, a yi shafe. Ranar Asabar iyayen Injiniya za su zo wajen Baba, kuma a sabon falo za su zauna."

Auta ta juyo da sauri.

"Yau? Kankaren kwana bakwai za a cire wa tokara?"

"In kin ga dama ki hau ki riƙe shi da kanki."

Ta jefar da bokitin ta nufi ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da kicin, inda Umma ke kwana tun da aka rushe nata. Ta tarar da ita zaune a bakin katifa tsakanin akwatuna, tana ninke kaya.

"Umma, ki hana su. Don Allah ki hana su."

"In hana wa? Ubanki ko yayanki?" Umma ba ta ɗago ba. "Ke dai ba ki gajiya da jawo mini magana. Shekararki ashirin da bakwai. Ƙannen ƙawayenki na goye da na biyu. An samu mai rufin asiri ya fito, ke kuma kin liƙe wa mai kwaɓa siminti."

"Ni ba maganar aure na zo yi ba, maganar rufin nan nake yi. Ina tsaye aka yi kwaɓin, Umma. Buhun siminti ɗaya, kwanon yashi huɗu ake zuba masa, tsakuwa takwas. Da idona na ƙirga yashi tara. Yashin ma in kika damƙa a hannu sai ya bar miki jar ƙasa a tafi."

"Ji ta! Har ƙirgen yashi ya koya miki. Wannan shi ne zancen da yake miki in ya zo?"

"Shi ne, Umma." Hawaye suka ɓalle mata. "Wani in ya zo zance turarensa yake nuna mini da sabuwar waya. Shi kuwa gidan da zai gina mana yake zana mini a ƙasa da tsinke, yana gaya mini inda rana za ta faɗo, inda ruwan sama zai bi ya fita. Laifinsa ke nan?"

"Laifinsa ubanki ba ya son sa."

"Ke fa?"

Hannun Umma ya tsaya a kan rigar da take ninkewa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni nawa son me ya taɓa gyarawa a gidan nan? Ɗakin da na haife ku a ciki aka rushe, wa ya tambaye ni? Tashi ki ba ni wuri, kada ki sa ni kuka da safiyar nan."

"In aka gama, kujerarki ce za ta zauna a ƙarƙashin rufin nan. Ke da Baba."

"Na ce ki fita!"

Auta ta fita tana share ido da gefen mayafi. A bayan kicin ta tsaya ta danna lambar da aka hana ta kira.

"Malama?" Muryar Dogo ta fito tare da ƙarar injin kwaɓi. "Lafiya kike kuka?"

"Yau za su cire sandunan."

Sai ta ji an kashe injin.

"Kwana nawa?"

"Bakwai."

"Sun kafa ginshiƙin?"

"Ba su kafa ba."

"Inna lillahi. Saurare ni da kyau. Kada ki bar kowa ya shiga ƙarƙashi, ke ma kada ki shiga."

"Baba ya ce in ya sake ganinka..."

"Ya gan ni ɗin. Gara ya zage ni yana tsaye da ƙafafunsa."

Ba a yi rabin awa ba motar Injiniya ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo cikin farar shadda, da baƙin gilashi, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Bayansa wani dattijon kafinta ne da ma'aikata biyu, kowa da guduma.

Baba ya fito da jarida a hannu. Injiniya ya rusuna har ƙasa.

"Barka da hutawa, Baba. Yau za ka ga falonka kamar filin ƙwallo." Ya juya ga Auta ya zare gilashin. "Ranki ya daɗe, an ce har ban ruwa kike taya mu. Da kin faɗa ai sai in sa a ɗinka miki rigar ma'aikata."

Yaya ya tuntsire da dariya.

Auta ta wuce su, ta je bakin falon ta tsaya ta buɗe hannuwa. A bayanta sanduna ne sama da hamsin a tsaye, kowacce ta tokare katakon da ke riƙe da kankaren.

"Ba mai taɓa sanda ɗaya."

"Ke!" Baba ya daka mata tsawa. Tun ranar da maganar Dogo ta fito ya daina ce mata Uwata, sunan da yake kiranta da shi tun tana cikin zanin goyo. "Hauka kike yi a gaban baƙi?"

"Baba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma rufin nan bai nuna ba."

"Matsa ko in matsar da ke," in ji Yaya, ya yo kanta.

"Kada ka taɓa ta."

Kowa ya waiwaya. Dogo ne tsaye a ƙofar baya, rigarsa duk busasshen siminti, gumi na bin wuyansa. Bai shigo ba. Daga nan bakin ƙofar ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Na san ka hana ni gidanka. Ka ba ni minti biyar, bayan nan ka sa a fitar da ni da duka, ba zan ɗaga hannu ba."

"Kai ba ka da zuciya ne?" Baba ya naɗe jaridar yana nuna shi da ita. "Na kore ka, ka koma zuga mini 'ya ta waya?"

"Ƙyale shi, Baba," in ji Injiniya yana murmushi. "Yunwa ce. An hana shi aikin, an hana shi yarinyar, dole ya yi ihu. Kai, ɗan birkila, ka taɓa riƙe takardar zanen gini a rayuwarka?"

"Ban taɓa zana ta ba, amma shekara goma sha shida ina gina abin da ke cikinta. Rufi mai faɗin wannan, kwana ashirin da ɗaya yake yi a kan tokara, ana ba shi ruwa safe da yamma. Kai ma ka sani."

"Simintin zamani ne, a kwana biyar yake kamawa. Ku naku sanin ya tsaya a gyaran katanga."

"Ina ginshiƙin da ya maye bangon da ka rushe?"

"Rodin da na zuba a ciki ya ishi gada."

"Ƙarya kake yi."

Injiniya ya yi taku biyu, fuskarsa ta canza.

"Ni kake ƙaryatawa? Wallahi in na ga dama, daga yau babu mai sake ba ka ko ginin kaji a garin nan."

"Ka hana. Amma ba za ka kashe mutane a gabana ba."

"Baba, ka ji ko?" Yaya ya ce. "A gidanka, a gabanka, yake zagin surukinka. Bari in kira masa 'yan sanda."

"Kafinta!" Baba ya ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ku shiga ku yi aikinku. In ga wanda ya isa ya hana."

Dattijon kafintan ya dubi gudumarsa, ya dubi rufin, ƙafarsa ba ta motsa ba.

A lokacin ne Auta ta lura da abin. Ta share hawayenta da bayan hannu.

"Baba, abu ɗaya zan roƙe ka, daga shi na yi shiru har abada. Ka dubi inda Injiniya yake tsaye."

"Me ya samu inda yake tsaye?"

"Rana ta buɗe, ga inuwa a cikin falon, shi kuma yana cikin farar shadda yana gumi. Tun da ya shigo bai taka inuwar rufin nan ba. Jiya ma daga nan ya tsaya yana nuni da makulli. Shekaranjiya ma haka."

Injiniya ya yi wata 'yar dariya. "Ƙura nake gudu, ranki ya daɗe."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon takalmin Injiniya, da layin da inuwar rufin ta ja a ƙasa, taku ɗaya a gabansa. Mutum ne da ya shekara talatin ana kawo masa takarda a ce ya sa hannu, ya san fuskar wanda ba ya son a karanta shafi na biyu.

Ya ajiye jaridar. Ya ɗauki kujerar robarsa da hannunsa, ya raɓa ta gefen Auta, ya ratsa sandunan har tsakiyar falon, daidai inda bangon ɗakin Umma yake a da. Ya dasa kujerar ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Baba!" Auta da Dogo suka faɗa a tare.

"Ku rufe mini baki." Ya dubi Yaya. "Kai, kawo wata kujerar. Injiniya, bismillah, zo ka zauna kusa da ni mu sha inuwa. Sai su cire muna kallo."

Umma ta fito daga ɗakin ajiya da riga a hannu, ta dafe ƙirji.

Yaya ya kawo kujerar, amma a bakin falon ya ajiye ta, shi ma bai shiga ba.

Injiniya ya gyara tsayuwa. "Ai Baba, a ƙa'idar aiki ba a cire tokara da mutum a ƙasa."

"Su kafintocin daga ina suke tsayawa in za su cire? Daga sama?"

"Su ai... aikinsu ne."

"Au, su ba mutane ba ne."

Gudumar dattijon kafintan ta faɗi ƙasa, tim.

"Maigida, ka gafarce ni," ya ce. "'Ya'yana biyar. Tun jiya na ce masa rufin nan bai kai ba, ya ce ana jiran sandunan a wani aikin nasa, in ban cire ba ya samo wani. Na kwana ina istigfari."

"Munafuki!" Injiniya ya yi kansa. "Da bakinka kake cin abincina!"

"A gidana kake," in ji Baba daga inda yake zaune, bai ko ɗaga murya ba. "Kujerar tana nan. Za ka zauna ko ba za ka zauna ba?"

Injiniya ya dubi kujerar. Ya dubi Yaya, Yaya ya kau da kai. Injiniya ya mayar da gilashinsa a fuska.

"Na ga abin ya koma cin mutunci. Amma ka tuna, Baba, ka ba iyayena rana. Asabar suna tafe."

"Su zo. Kujeru na da yawa, a nan ciki zan jera musu."

Ƙarar rufe ƙofar motar Injiniya sai da ta girgiza tagar kicin. Yaya ya bi shi a guje yana kiran sunansa, daga bakin ƙofa ya juyo ya nuna Auta da yatsa.

"Kin kashe mini abota ta shekara goma. Wallahi ba ki ci bulus ba."

Baba ya taso ya fito daga cikin sandunan. Ya tsaya a gaban Dogo, wanda har yanzu yake durƙushe a bakin ƙofar baya. Fuskar Baba babu alamar sassauci.

"Kada ka ɗauka ka burge ni. Kwana ashirin da ɗaya ka ce?"

"E, Baba."

"Saura goma sha huɗu. Kai za ka riƙa ba shi ruwan, safe da yamma. Ranar da suka cika, kai za ka cire sandunan da hannunka. In rufin ya tsaya, ka turo manyanka in saurare su. In ya tsage ko da faɗin gashi ne, kada in sake jin sunanka."

Auta ta dafa bango. Shekara biyu take jiran kalmar nan. Ta zuba wa Dogo ido, leɓɓanta na motsi ba sauti: ka ce to, ka ce to.

Dogo bai ce to ba. Idonsa na kan gefen rufin, inda aka riga aka ɓare katakon baki, kankaren ya fito fili. Ya miƙe a hankali, ya tsinci wata doguwar ƙusa a ƙasa, ya jingina tsanin a wurin.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan karɓa ba."

"Me ka ce?"

"Dogo!" Kukan Auta ya fito da ƙarfi. "Don Allah kada ka yi mini haka!"

Bai iya kallonta ba. Ya miƙa wa Baba ƙusar da hannu biyu.

"Taku uku kawai za ka hau, ina riƙe da tsanin. Ka karta gefen nan. Kankaren kirki in ya kwana bakwai, ƙusa ba ta cin sa, sai dai ta bar farin layi."

Baba ya harare shi, ya fizgi ƙusar, ya tattare rigarsa ya hau. Ya karta sau ɗaya.

Kankaren ya zubo kamar busasshen burodi. Yashi ya wanke masa hannun riga, tsakuwa biyu suka faɗo suka gangara har gaban Umma. A cikin ramin da ƙusar ta yi, ga siririn rodi nan kwance, bai kai kaurin ɗan yatsan Auta ba.

"Ko shekara na yi ina ba shi ruwa, ba zai zama abin da ba a zuba masa ba," in ji Dogo. "Zai iya tsayawa ranar da na cire sandunan, har in turo manyana, har a ɗaura aure. Wata rana da damina, an ɗora bene a kai, kana zaune da Umma a ƙasa, ya sauko. Ba zan karɓi Malama a kan wannan ba. Sai an fasa shi gaba ɗaya, a kafa ginshiƙi tun daga tushe, a sake ɗaurin rodi, a sake zubawa."

Baba ya sauko. Ya daɗe yana kallon yashin da ke tafinsa.

"Ka san abin da ka yi yanzu? Na buɗe maka ƙofa, ka ce in rushe abin da na riga na nuna wa duk abokaina."

"Na sani, Baba."

"Asabar mutane za su zo su tarar da gidana kango. A yi mini dariya a unguwa."

"Za a yi, Baba."

"Fita."

Auta ta sulale ƙasa a jikin bango, ta cusa fuska a mayafi. Dogo ya sunkuyar da kai, ya juya ya nufi ƙofar bayan da ya shigo ta ciki. Har ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Kai," in ji Baba.

Ya tsaya cak.

"Wata nawa zai ci?"

"Biyu, in Allah ya yarda. Kwana ashirin da ɗaya a ciki na jira ne kawai, ba mai taɓa shi sai ruwa."

"Kuma za ka zauna a ƙasa ranar cirewa?"

"Da kujerata zan zo."

Baba ya kakkaɓe hannunsa, ya ɗauki jaridarsa daga ƙasa. Fuskar nan tana nan a murtuke.

"Ban ce na ba ka komai ba, kada ka je kana faɗa a gari. Gobe ƙarfe bakwai ka zo da manyan guduma." Ya juya zai shiga ciki, sai ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "Uwata."

Auta ta ɗago jajayen idanunta, ba ta yarda da kunnenta ba.

"Na'am, Baba?"

"Tashi ki daina yi mini kuka a ƙasa. Ki nuna masa ƙofar gaba. Wannan ta bayan ta masu kawo yashi ce."